Sau Ɗaya Na Kira Sunansa

Shekarun baya, da nisa ƙwarai, tun jami'ar Yamai tana jaririya, tun soja ba su karɓi mulkin ƙasar nan ba, na taɓa shiga ɗakin da ake yi wa masu ilimi shari'a. Ni da ban san alif ba, balle baƙin anasara. Jikata ce ke rubuta muku wannan a wayarta. Kwanakin nan ta cika mana gida da kuka, wai za ta kare memuwar ɗinta, littafin nan da ɗalibi ke rubutawa kafin a sallame shi daga jami'a, malaminta kuma ya maido mata da shi duk jan biro. Na ce mata share majinarki, zo in ba ki labarin kawunki. Da ta ji, ita ta matsa sai an rubuta mutane sun karanta. Tana ta gyara mini baki, wai Hausar Arewa ba ta shiga rubutu. Na ce gyara abin da za ki gyara, amma inda muka yi magana da mutane ki bar mana bakinmu.

Ɗan farina namiji ne. Ku 'yan yau da kuke ɗaukar ɗan fari kuna sumbata a gaban surukai, sai na yi muku bayani. A zamaninmu mace ba ta kiran sunan ɗan farinta. Ba ta kallon idonsa, ba ta yi masa magana baki da baki. Ana yaye shi aka miƙa shi ga gwaggonsa, yayar mijina, wadda gidanta ke jingine da namu, zana ɗaya ce tsakani. Ita yake kira Inna. Ni kuwa Yaya yake ce mini, in ta kama dole. In baƙo ya tambaye ni ɗan wane ne wancan, sai in ce ɗan mutanen gidan can ne.

Kuma ba zan ɓoye muku ba, na yi suna a kan wannan. A ƙauyenmu, can gefen Kiyeshe, da ni ake yi wa amare misali. Akwai ranar da ya faɗo daga kan jaki a gabana, goshi ya fashe, jini na zuba. Ina daka. Ban ajiye taɓarya ba, ban juya ba, sai da gwaggo ta fito a guje. Mata suka yi ta yabona har bakin rijiya. Ba wadda ta lura ranar geron da aka ce in surfa gari ya zama.

Shekarar da gardawan kwamanda, dogaran anasara, suka zo ɗibar yara zuwa lakwal, makarantar boko, mai gari ya nuna shi. Gwaggo ta yi birgima a ƙasa. Ni na ce Allah ya tsare ɗan mutane. Ya yi Dogon Dutsi, ya wuce Yamai, kai ya buɗe, gwamnati ta ba shi bursu, kuɗin da ake ba ɗalibi ya ci ya yi karatu. Ubansa bai ga ƙarshen abin ba, ya rasu yana tsakiyar karatu.

A hutunsa na ƙarshe ya zo da wani akwati mai madauri, wai na ɗaukar magana ne, aro aka ba shi. Ya zauna ya gaya wa gwaggo, da ƙarfi yadda zan ji ta bayan zana, cewa sai ya rubuta littafi kafin a ba shi takardar gamawa, kuma shi a kan yunwa zai rubuta: yadda kakanninmu suka tsira daga manyan yunwa na da. Ya riga ya zaga. Ya je Tibiri, ya je Sukukutane, ya zauna gaban dattawan Dogon Dutsi. Maza suka cika shi da labarin yaƙi da wa ya gaji wa a sarauta. Namiji ai a cikinsa kawai ya san yunwa, wadda ta san ta ido da ido ita ce mai tukunya. Wani tsoho ya ce masa, kai yaro, ka baro rijiya a gidanku kana yawon roƙon ruwa, je ka wurin matar ubanka. Haka ya faɗa, matar ubanka, don shi ma ya san ladabi.

Gaskiya ya faɗa. A bakin kakata na ɗauki labari, ita kuwa ta ga yunwa tun tana yarinya. Duk ƙasar nan in na buɗe baki, mai tafiya rijiya sai ta sauke tulu.

Gwaggo ta zo ta same ni. Ta ce, “Ke, yaron ga na son ki yi magana cikin akwatin nan.”

Na ce, “Akwatin ina shika kwana?”

“Ɗakinai mana.”

“In ya murɗa shi, wa ka magana da wa?”



Na ce, “Ni da shi ke nan, ba kowa tsakani. A maida musu akwatinsu.”

Ta ce, “Taurin kanki ya hi na jakin mai gari.” Na ce na gode.

Sai muka yi dabara. Kullum in an gama aikin hantsi, in ɗauko auduga da mazarina in zauna gindin zana ina kaɗi. Gwaggo ta zauna gabana. Ita nake ba labari. Shi kuma yana ta ɗaya gefen da takardunsa, kusa har ina jin ƙarar alƙalaminsa. In yana da tambaya sai ya ce, “Inna, tambayi Yaya, in an ɗebo anza mi aka hwara yi mata?” Gwaggo ta juyo ta ce, “Wai mi aka hwara yi wa anza?” kamar ni kurma ce. Ni kuma in ce, “Gaya wa mai tambaya, a shanya ta, a ɓare, a jiƙa, a yi ta sake ruwa har ɗacin ya hita. Wanda yay yi gaggawa cikinai ya kumbura.” Wani lokaci gwaggo ta yi gyangyaɗi, kai ya faɗa ƙirji, mu biyu mu ci gaba da aika mata saƙo tana minshari. Ba wanda ya taɓa tashinta.

Na ba da labarin anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da ko akuya ke yi wa kallon raini. Na ba da na ƙarangiya, yadda ake share ta a sussuke ƙayar a fitar da ɗan ƙwayar da ke ciki. Na ba da na tonon gidan tururuwa don a ƙwace hatsin da ta tara. Na faɗi gidajen da suka tashi suka yi kudu ba su dawo ba, da waɗanda suka dawo ba yara.

A nan na fara jin tarin.

Da fari ɗan ƙanƙani ne, kamar mai gyaran murya. Kafin hutun ya ƙare ya zama irin wanda ke tuƙe mutum ya bar shi yana neman numfashi. Uwa ce ni, amma ba ni da bakin tambaya. Abin da na iya shi ne, duk lokacin da tarin ya kama shi sai in ce, “Af, zare ya tsinke.” In tsaya ina murza audugar da ba abin da ya same ta, har in ji numfashinsa ya dawo, alƙalami ya koma kan takarda, sannan in ɗora daga inda na tsaya. In na dama fura da nono mai kyau sai in ce a kai wa gwaggo, alhali kowa ya san gwaggo ba ta shan nono.

Ya koma Yamai. Daminar nan ba ta yi ba. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Da bazara sanƙarau ya shigo ƙauye, cikin waɗanda ya ɗauka har da gwaggo. Kafin labari ya kai masa an daɗe da binne ta. Zanar nan ta zama zana kawai, ba kowa a bayanta, ba kowa a gabana.

Ana nan sai ga ƙanen mijina, wanda ke kasuwanci a Dogon Dutsi yana kai kaya Yamai. Tsakanina da shi akwai wasa, kullum da tsokana yake shigowa. Ranar bai yi tsokana ba. Ya zauna bakin ƙofa ya ce yaron ya gama littafi, an buga shi da na'ura, an sa ranar da zai tsaya gaban alƙalan jami'a ya kare shi. Amma ɗaya daga cikinsu ya tada magana. Ya ce rabin littafin nan daga bakin mace ɗaya yake, ba muryarta a akwati, wadda aka ce ta shaida kuma ta mutu. Wa ya san ko yaron ne ya zauna a ɗaki ya ƙirƙira? In ba a kawo matar ba, shi ba zai sa hannu ba.

Na ce, “In bai sa hannu ba fa?”

“Su yanke mai bursu. Sai ya sake shekara.” Ya duƙar da kai. “Na gan shi da idona. Wuyanai cikin riga kamar muciya cikin tukunya. Shekarar ga da suka cewa, ban ga yana da ita ba.”

Na ce, “To ni ina ruwana da ɗan mutane.” Na shiga ɗaki na fara ɗaure kaya.

Ban taɓa wuce Dogon Dutsi ba sai ranar. Muka hau bayan kamiyo, babbar motar kaya, a kan buhunan wake. Daga nan har Doso, daga Doso har Yamai, abin da na yi ta ba da labarinsa a gindin zana shi na gani a bakin hanya. Shanu kwance, fata ta manne da ƙashi. Makiyaya daga arewa da tabarmi a ka, ba dabba ko ɗaya a bayansu. Mata a duƙe cikin daji suna tsinkar anza tun ba ta nuna ba. Na so in yi musu ihu in ce ku jira, za ta kashe ku. Mota ba ta tsaya ba.

Ɗakin shari'ar ba wani babba ba ne. Benci-benci, ɗalibai sun cika, ga wani abu na juyawa a sama yana kaɗa iska mai zafi. A gaba dogon tebur, mutum uku a bayansa: anasara mai gemu, anasara mace mai madubin ido, da wani baƙar fata ɗan ƙasashen bakin teku wanda ba ya jin Hausa ko ta sannu. Ɗana yana gefe shi kaɗai a ƙaramin tebur, cikin kwat ɗin aro da ta fi ƙarfinsa. Ƙafarsa kawai na kalla. Takalmin ma na aro ne.

Ni kuwa na sha zanena baƙi na saƙi, na yi ɗauri, na zauna kamar uwar sarki. Na ce a raina, yau anasara za su ga mace mai tarbiyya.

Ya yi magana da Faransanci mai tsawo. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na san murya. Na san inda yake ba da labarin ƙarangiya, don ya ɗauki irin hawa da saukar muryata bai sani ba. Suka yi ta jifansa da tambaya, yana amsawa. Sannan mai gemu ya nuno ni da alƙalami.

Aka kira wani ɗalibi haifaffen Yamai ya yi tafinta, don an ce mai littafi ba zai fassara wa kansa shaida ba. Yaron ya zo ya tsaya kusa da ni, Hausarsa irin ta kasuwa. Ya ce, “Iya, anasaran nan na tambaya, ke ce kika gaya wa wannan saurayi labaran da ke cikin littafin nan?”

Ku dubi tambaya. A gaban jama'a, a gaban ƙanen mijina, a nuna mini ɗan farina da yatsa a ce ko na zauna na yi hira da shi. Na gyara zama. Na ɗaga murya yadda na baya za su ji.

Na ce, “Ni? Tun da aka haihe shi ban taɓa yin magana da shi ba.”

Tafinta ya ce, “Iya, ki gane tambayar. Labarin yunwa. Ba ke kika ba shi ba?”

“Gwaggonai ni ba labari. In wani ya laɓe ya ji, wannan ruwanai.”

“To mene ne shi a wurinki?”

“Ɗan mutanen gidan can ne.”

Ya juya ya fassara. Ban san yadda ya faɗa ba, amma ya gama da wuri ƙwarai. Ɗaki ya ɗauki gunaguni. Wasu ɗalibai 'yan ƙasarmu suka fashe da dariya, don sun gane. Ƙanen mijina ya miƙe yana cewa, “Ku tsaya, ku tsaya, uwatai ce!” aka ce ya zauna, ba a ba shi magana ba. Ni ina zaune ina jin daɗin kaina. Wallahi a lokacin na ɗauka na fita kunya.

Ɗana ya tashi zai yi bayani. Ya fara, kalma biyu uku, sai tarin ya zo. Ba irin na bayan zana ba. Ya dafa tebur, ya tanƙware, ya danna ƙyalle a baki. Da ya janye ƙyallen ya yi sauri ya cusa shi aljihu, amma idona da ke ƙasa kullum ya riga ya gani. Ja ne.

Mai gemu ya jira, ya ga maganar ba ta fito ba. Ya sa hannu biyu ya rufe littafin. Ya ture shi gefe.

Ba na jin Faransanci, amma na san yadda ake rufe abu in an gama da shi. Haka ake rufe rumbu in ba sauran komai.

Tafinta ya sunkuyo ya ce a hankali, “Iya, kin kashe shi fa. Sun ce ƙarya ya rubuta, ga mai shaida ta ƙaryata shi da bakinta.”

Macen mai madubi ta ce wani abu. Tafinta ya ce, “Madam na tambaya, kin ma san shi kuwa? Kin san sunansa?”

 Sunan yana bakina. Ina wurin aka raɗa shi. Na sha faɗarsa a cikina ina daka, ina jan guga, ina sujada. Amma harshena bai san hanyarsa ba. Na tuna uwata, wadda ta mutu ba ta taɓa kiran yayana ba. Na tuna matan rijiya. Na juya wajen da gwaggo ya kamata ta zauna, wani ɗalibi ne a wurin yana cizon biro.

Sai na ji muryarsa, ta dushe, da Hausa. Bango ya fuskanta, yadda muka saba.

Ya ce, “A gaya wa Yaya ta bari. Ba komi. Kada ta yi.”

Kun ji. Jini a aljihunsa, littafinsa a rufe, shi kuma kunyata yake tsarewa.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na bi ta tsakanin bencin nan har gaban teburinsa. Na ɗaga kai na dube shi. Wannan ne karo na farko da na ga fuskar ɗana ba a sace ba. Ga tabon jakin nan a goshi. Girar ubana ce a fuskarsa, ban taɓa sani ba.

Na kira sunansa.

Ya ce, “Na'am, Inna.”

Ƙanen mijina ya ce salati da ƙarfi.

Na ce, “Zamna. Sha ruwa. Ɗauko littahin can ka buɗe wurin tururuwa.” Na juya ga tafinta na ce, “Kai kuma gaya musu ɗana ne, ni na haihe shi, na hwari. Yanzu su saurara.”

Ashe a bayan littafin ya rubuta maganata da Hausa yadda na faɗa, a gefe kuma Faransancinta. Aka ba tafinta littafi ɗaya ya bi Hausar da yatsa, macen ta bi nata gefen. Ni kuwa ban dubi kowa ba sai shi. Shi na ba labarin, ido cikin ido.

Na gaya masa yadda kakata, tana yarinya, ta bi uwarta daji shekarar da ba a ga ko zangarniya ba. Yadda uwar ta kwance goyonta ta kwantar a inuwar anza don ta samu ƙarfin tono. Yadda suka bi layin tururuwa har rami, suka yi ta haƙa da guntun galma da farce, tururuwa na cizonsu har hammata, rana ta raba tsaka ta karkata, kafin su kai ga ɗakin hatsin. Bai cika ƙoƙo ba. Suka dawo inuwa da murna, suka tarar jaririyar ta yi sanyi. Uwar ta haƙa mata wuri da wannan guntun galmar. Sannan ta zo gida ta dafa hatsin, ta ba kakata ta ci, ita ma ta ci. Na ce, “Da ba su ci ba, da ba ni, da ba kai.”

Da na yi shiru, yatsan tafinta yana ƙarshen shafi. Ya ɗaga kai ya gyaɗa wa teburin. Macen ta cire madubinta tana gogewa. Mai gemu ya jawo littafin ya buɗe, ya zaɓi wani wuri da kansa, ya ce in ba da na ƙarangiya. Na ba da. Ya sake zaɓar wani. Na ce wa tafinta ya gaya masa in yana da hatsin ciyar da ni, sai mu kai kaka a nan.

Suka fita shawara, suka dawo, aka ce kowa ya miƙe. Ɗana ya ci. Amma ba su ba shi babban yabo ba, matsakaici suka ba shi, wai rashin murya a akwati aibi ne a aikin. Har yau ban yafe wa mai gemun nan ba. Jikata ta ce ai ni na ƙi akwatin. Na ce ke rubuta abin da aka ce ki rubuta.

A waje akwai wani itacen dogon yaro mai inuwa. Ƙanen mijina ya ce zai je neman mota, ya tafi ya daɗe, na san da gangan ya yi. Muka zauna ni da ɗana a benci ɗaya. Ya sayo burodi ya gutsura ya miƙo mini, hannu da hannu.  Mutum biyu da suka shekara ashirin da wani abu suna aika wa juna saƙo, ga su ba ɗan aike. Na tambaye shi ko yana cin abinci. Ya ce yana ci. Na ce ƙarya kake. Ya yi dariya, dariyar ta jawo tari. Na jira ya lafa.

Ya ce, “Inna, yau ba ki ce zare ya tsinke ba.”

Na ce, “Ban zo da mazari ba.”

Ya ce, “Ina leƙe ta ramin zana. Bai taɓa tsinkewa ba ko sau ɗaya.”

Na ce masa marar kunya, mai leƙen manya. Muka zauna har inuwa ta bar mu.

Kafin in iso gida labari ya riga ni. Yaron mota ya ji a bakin ƙanen mijina, ya kai kasuwa, kasuwa ta kai ƙauye. Matan da ke yi wa amare misali da ni suka daina. In na iso rijiya hira ta mutu. Wata tsohuwa ta ce mini a fuska, “An ce kin je birni kin kwance zane gaban anasara.” Na ce awo, kuma na ɗaura abina na dawo.

Shi kuwa aka kwantar da shi asibiti a Yamai. An ba shi aikin koyarwa, takardar ta same shi a gado. Da suka ga ba sauƙi, ya roƙa a kawo shi gida. Ya sauka ɗakin gwaggo, don nan ne ɗakinsa. Na sa aka cire zanar. Ni na yi jinyarsa, ni na ba shi kunu a baki, ƙauye na kallo. Amma sunan ban sake kira ba. Harshen ya koma inda ya saba. Kai nake ce masa, ya amsa.

Bai ga damina ba. Da hantsi ya cika, ina riƙe da ƙoƙon kunu.

Uwar ɗan fari ba ta kuka a gaban mutane. Wannan kam na riƙe. Mata suka cika gida suna koke-koke, ni ina gefe ina sake wa anza ruwa, don shekarar mu ma ita muka ci. Ina ji ana raɗa a bayana. Wai na kira sunansa a bainar baƙi, na nuna shi, aljana doguwa ta ji ta bi shi. Wai da na riƙe bakina da yana nan. Ba wadda ta ga ƙyallen nan a aljihunsa tun kafin in buɗe baki. Ban yi musu gardama ba. Waɗannan matan dai, da yunwa ta kai wuya, su suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna tambayata yadda ake fitar da ɗacin anza. Na gaya musu. Wasu yaransu sun rayu.

Yau in na waiwaya, ba zan ce muku al'adarmu banza ce ba. Ita ta raine ni, ita ta sa gwaggo ta samu ɗa a duniya ita da ba ta haihu ba, ya kuma so ta har ta mutu. Ba zan kuma ce muku na yi nadamar karya ta ba. Abin da na sani shi ne, an ba ni yini ɗaya a gindin dogon yaro da 'yan watanni a bakin gado, kuma ba su ishe ni ba. Da ɗiyata ta haifi ta farinta, wannan mai riƙe da wayar, ta fara sunkuyar da kai tana cewa ɗiyar mutane. Na ja ta ɗaki na ce ki dubi fuskar ɗiyarki, ki san girar wa ta ɗauko.

Ke kuma da ke kuka don jan biro, je ki tsaya gabansu ki kare abinki. Lafiyarki ƙalau, uwarki za ta zauna a benci tana yi miki guɗa tana kiran sunanki har a kore ta.

Yanzu ta tsaya da rubutu tana kallona. Wai in faɗi sunan kawun nata a saka a ƙarshe, don mutane su yi masa addu'a. Ku yi masa, Allah ya san wanda kuke nufi. Sunan kam ba za a rubuta ba. Sau ɗaya na kira shi a duniya, kuma ya amsa. In na sake kira yanzu, ba mai cewa na'am.